Ranar da Aka Hau Guntun Ganuwa

Shekarar da na dawo Ƙwanni da takardar jami'a a fannin tarihi, an yi wani taron horar da malaman lakwal, wato makarantar boko, a garin. Da aka gama, baƙin suka ce suna son zagaya gari kafin su koma. Aka ce ni zan kai su, tunda ni ne ɗan gari mai takarda.

Abin da nake son nuna musu shi ne wani guntun tsohuwar ganuwa, tsawonsa bai fi taki goma ba, a bayan gidan wani tsoho aminin mahaifina. Shi ke share gindinsa, shi ke korar awaki da masu ɗibar ƙasa don tubali. Kakanninsa suna kwance a gindin, shi ya sa ba a hawa. Tun ana gobe na je na durƙusa na nemi izini.

Ya ce, "Ɗana, su gani da ido. Amma ƙahwa ba ta hawa. Ka iya hwaɗa musu?"

Na ce, "Na ɗauki alkawari, Baba."

Shugaban tafiyar wani babban ma'aikaci ne da ya taɓa zuwa Turai. Tun a mota yake ba mu labarin gidajen sarakuna na dutse da garuruwan bakin teku, da yadda ake hawa har ƙololuwa a hango jiragen ruwa. Da muka isa, ya dubi ganuwar ya yi dariya.

"Malam, wannan ce? Ai rumbun kakata ya fi ta tsawo!"

Aka kwashe da dariya. Na fara bayani, ina cewa mai yiwuwa ta kai shekara kaza, ko da yake masana ba su daidaita ba, kuma ni ma ban tabbatar ba. Kafin in kai ƙarshen zancen, ya miƙa wa direba kyamara ya naɗe ƙafar wando.

Nan ne nake jin haushin kaina har yau. Kalma uku ta isa: kada ka hau. Ni kuwa sai na ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin wataƙila zai fi kyau in an tsaya daga ƙasa, in ba damuwa."

"Babu damuwa ko kaɗan," in ji shi. Ya hau.

Mutum huɗu suka bi shi da takalmansu. Suna gyara tsayuwa sai gefe ɗaya ya gutsure, wani dunƙule kamar turmi ya faɗo daidai kan duwatsun da aka jera alamar kabari. Ba wanda ya ji ciwo. Shugaban ya sauko yana kakkaɓe riga yana cewa ga abin da rashin kula ke jawowa, mu mutanen nan ba mu san darajar tarihi ba. Mu! Mutumin da ya yi shekaru yana tsare wurin da tsintsiya yana tsaye a bakin zaure, ba wanda ya ko gaishe shi.

Ba na so in zalunci kowa. Wataƙila da damina ta zo da gefen ya faɗi da kansa. Amma ba damina ce ta kayar da shi ba, takalmi ne, kuma ni na kawo takalmin.

Da la'asar na hau kabu-kabu na koma ni kaɗai. Na ce wa tsohon zan kwaɓa ƙasa in gyara da hannuna.

"Ka liƙa mishi ƙasar bana, sannan ka kawo baƙi ka ce ta kakanni ce?" Ya girgiza kai. "Bar shi. Ni dai tambaya guda: ka hwaɗa musu?"

Na ce na faɗa, amma a hankali.

"To, ba ka hwaɗa ba ke nan."

Kafin sati, tsohon ya kewaye wurin da shingen ƙaya. Bayan shekara biyu, da na samu aji nawa, na je neman izinin kawo ɗalibaina su gani. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini fura, ya tambayi lafiyar mahaifina. Sannan ya ce a'a, sau ɗaya, ba tare da wataƙila ba.