Kaciyar Ɗana a Sabon Gari

Ina gama wankan jego maigidana ya ce a yi wa yaron kaciya tun yana ɗanye, a wuce wurin. Ni wanzami nake tsoro, shi kuma ba ya son dogon layin asibitin gwamnati. Sai muka tsaya a kan wani ƙaramin asibitin kuɗi a Sabon Gari, wanda ba a zuwa sai an kama rana ta waya an biya.

Shi ya kama ranar, yana zaune bakin gado a ɗakinmu na Fagge, ina shayarwa. Na leƙa na ga farashin kaciyar a sama, ƙarƙashinsa wasu ƙananan akwatuna a jere, kowanne da kuɗinsa a gefe. Duk da Turanci, ni kuwa a aji huɗu na tsaya.

Na ce, "Malam, waɗannan fa?"

Ya ce, "Tarkace ne. Ga hoto da hula, ga ɗakin jira mai sanyi. Mu a kasuwa kyauta muke yi wa mutum gyara, su kuma gyaran suke sayarwa."

Atamfa yake sayarwa, kuma a wurinsa duk abin da aka ɗora bayan an yanke farashi wayo ne. Biyun farko kawai ya karanta. Sauran ya tsallake su da babban yatsa.

Ranar Talata ni kaɗai na hau adaidaita da yaron a kafaɗa. A asibitin muna zaune a benci mu shida, wata nas mai kauri, 'yar ƙabilar Ibo da Hausa a bakinta kamar Bakanuwa, tana shiga da farantin ƙarfe kafin a kira kowane yaro. Ni ban iya zaman banza ba idan gabana na faɗuwa, sai na zuba wa farantin ido. Na farko da 'yar kwalba da sirinji. Na biyu ma haka. Na uku babu.

Kukan da wannan jariri na uku ya yi ba irin na yunwa ba ne. Sai ya ɗauke kamar numfashi ya tsaya, sannan ya dawo. Uwarsa ta fito tana goge ido da gefen hijabi, ba ta kalli kowa ba.

Da aka jera namu farantin na miƙe. Babu kwalba.

"Sista, ina tamu kwalbar?"

Ta duba kwamfuta. "Hajiya, ai ba ku danna ba. Allurar kashe zafi ce, ƙari ce." Ta juyo min da fuskar kwamfutar, ta ɗora farce a kan akwati na huɗu. Wai na samansa ƙunshin kyauta ne, na ƙasansa balan-balan.

Wani ya zauna da hankalinsa, wataƙila ma yana da 'ya'ya, ya sa zafin wuƙa a layi ɗaya da balan-balan.

Na zaro kuɗin barka da ke jakata. Ta ce ba sa karɓa a hannu, sai ta wayar da aka yi rajista, kuma duk wanda ya canja wani abu ya koma ƙarshen layi. Ta ƙara da cewa, "Ki kwantar da hankali, jariri ba ya tunawa."

Na fita baranda na kira maigida, hayaniyar kasuwa na tashi a bayansa.

Ya ce, "Haba, iyayenmu da wace allura aka yi musu? Ki bari a yi kawai, kada ki yini a nan."

Na ce, "To Malam, rufe shago ka zo ka riƙe masa ƙafafu da hannunka. Ni ba zan iya ba."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Can ya ce, "Akwati na nawa ne?"

Ya danna ya biya, muka koma ƙarshen layi. Na yi azahar a lungun baranda, na yi la'asar, ina kallon faranti na wucewa, wani da kwalba, wani babu. Da aka zo kanmu sai da na ga an zuƙi ruwan a sirinji kafin na miƙa shi. Ya yi kukan allura, gajere, ya kama nono ya yi barci tun kafin mu fita titi.

Da maigida ya dawo ya nuna min saƙon da asibitin suka turo masa. Wai mu ba su taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Na ce ya goge.