Baƙin Dutsen Ntate Phakiso

Duk gidan kirki da ke ƙauyenmu, a gindin tsaunukan Leribe, da hannun Ntate Phakiso, wato Baba Phakiso a yarenmu, a jikinsa. Shekara arba'in yana fasa farin dutsen nan mai yashi-yashi, yana yanka shi kamar sabulu. Mutum ne mai cika baki, abin haushin kuma in ya cika sai ya aikata.

Abu ɗaya ya tsana, baƙin dutsen da ya ratsa bayan gari kamar katanga. Ya ce mugu ne, ƙarfen sassaƙa, wato cizal, har goma ya cinye masa. In mun zauna shan hantsi cikin barguna sai ya nuna kogon da tumaki ke fakewa.

"Kun ga wancan? Ruwa ne ya lashe farin, kaɗan-kaɗan, tun kafin a haifi kakanku. Dutse mai biyayya ke nan. Wannan baƙin kuwa ko ruwa ya gaji da shi, shi ya sa ya tsaya ƙiƙam, ƙasa ta zaizaye ta bar shi."

"To ai halinku ɗaya, Ntate," in ji ni.

"Rufe mana baki, kai da ko murhu ba ka iya jerawa ba."

Da matarsa Malineo ta rasu, shi ya sassaƙa dutsen kabarinta, fari tas, ya zana sunanta da hannunsa. Bayan shekara ashirin, wata ranar Lahadi, ya shafa dutsen sai wani ɓawo ya ɓamɓaro masa a tafin hannu. Ruwa ya shiga, sanyin hunturu ya daskarar da shi, harafi biyu sun tafi. Ina wurin. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai ranar, kuma ya ba ni tausayi ƙwarai.

Washegari ya ari shanuna biyu, muka jawo baƙin dutse daga bayan gari. 'Yarsa Lineo ta taso daga birnin Maseru da faɗa.

"Haba Ntate, da wannan hannun mai rawa? Bari in sa a yi maka da inji."

"Inji ne ya auri uwarki?"

Wata huɗu yana abu ɗaya, sassaƙa sunan matarsa. Harafi bakwai kacal, amma kowanne sai ya ci masa mako biyu da fatar yatsu. Dutsen da ya yi shekara arba'in yana zagi, yanzu lallashinsa yake, har ruwa yake zuba masa yana gogewa da gefen bargo.

Ranar da aka kafa shi, Lineo ta duba ta ce, "Ba ka bar wurin naka sunan ba."

"Nawa ku sa a farin. In ya goge, ya goge. Wanda ya ga nata ya san ina gefe."

Haka muka yi masa da ya rasu, shekara tara ke nan. Jiya na bi ta maƙabarta da tumakina. Harafin farko na sunansa ya fara ɓarewa. Nata kuwa na sa yatsa a ciki, har yanzu da kaifinsa.