Ginin da ke Bisa Kabad

Malamar zane 'yar kafinta ce. Da ta samu aikin koyarwa, mahaifinta ya tattara guntayen katakon shagonsa, ya daidaita su, ya goge kaifinsu, ya cika mata buhu. Yara suka sa musu suna bulo.

A ajinta ba a ce wa yaro ga abin da zai yi. Wasu su nufi teburin fenti, wasu yumɓu, wasu su baje a tabarma da bulo, su yi ta gini yana zubewa har hannunsu ya gane abin da ke ɗaukar nauyi. Dokokin ajin ma yaran suka kafa. Babbar cikinsu: wanda ya gina, shi kaɗai zai rushe.

Autar Malama ma a ajin take. Wata rana ta fara gida mai hawa biyu a kan falanki, aka buga ƙararrawa ba ta gama ba, sai aka ɗora shi bisa kabad zuwa gobe. Washegari zazzaɓi ya kwantar da ita. Ba ta tashi ba.

Malama ta dawo aiki. Takan buɗe tagogi, ta wanke burushi, ta amsa gaisuwa. Duk ƙarshen mako takan sauko da ginin, ta ɗaga bulo ɗaya-ɗaya ta goge ƙura, ta mayar. Ba ta kuka. Hannunta ne kawai ke aiki.

Sai dai dogayen bulo da masu lanƙwasa duk suna jikin ginin. Zango guda yara suna fama da ragowa, babu wanda ya tanka. Ranar da gadar wani yaro da suke kira Injiniya ta sake zubewa, monita ta tafa hannu, aka zauna taro a tabarma.

"Da wannan tarkacen ko akurkin kaza ba ya tsayuwa," in ji Injiniya.

"Kai dai ba ka iya ba," wata ta ce. Aka soma dariya, aka kalli Malama, aka haɗiye.

Monita ta ce, "Doka dai doka ce. Mai ginin ba ta nan."

"To ai wannan ba ginin Auta ba ne," in ji Injiniya.

Ya juya wajen Malama.

"Wallahi, Malama, ba rashin kunya ba. Ni na riƙa miƙa mata bulo. Ƙofarta ta gefen taga take, matakalar kuma a baya. Yanzu duk sun dawo gaba. Ke kika gina wannan."

Malama ta ɗaga kai ta dubi kabad. Ta nemi yadda yake a da, ta rasa. Ba ta san a wane mako ƙofar ta tashi daga wurinta ba.

Monita ta sunkuyar da kai. "In kin ga dama a bar shi, Malama. Naki ne."

Malama ta taka kujera ta sauko da falankin, ta ajiye a tsakiyar tabarma. Ta cire rufin, sannan hawa na biyu. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Katako ne, mai ɗan sanyi.

"Malama, a ba ni mai lanƙwasan?" Injiniya ya tambaya a hankali.

Ta miƙa masa, ta ci gaba da saukewa.