Igiya Gaba Arba'in

Na shigo Najeriya da igiya a kafaɗa da dagi a hannu. Igiyar gaba arba'in ce cif, mahaifina ya tufka ta da kansa, kuma da ita ya gina rijiyarsa ta ƙarshe a ƙasar Adar, can Nijar. Ginar rijiya ce sana'ar gidanmu tun kakanni. Bayan shekarun fari garuruwan da suke kiranmu suka watse, sai kawuna da ke sayar da busasshen kifi a Yelwan Yauri ya aiko in zo, wai a Yauri ko malalaci ba ya rasa abin yi. Lokacin Yauri tana cikin Jihar Sakkwato, ba a ma fara zancen Kebbi ba.

Na bar matata da cikin wata uku a hannun innata. Rijiyar garinmu sai mutum biyu sun haɗu suke jawo guga ɗaya, kuma na ga yadda mata suke wankan jego a shekarun nan, da ruwa ƙwarya biyu, an ajiye kasko a ƙasa yana tarbar abin da ya zuba. Na yi mata alkawari ba za ta haihu a nan ba, zan sami aiki da ɗaki in zo in ɗauke ta kafin lokacin. Ta ce Allah ya sa, ta ci gaba da surfenta.

Abin da kawu bai faɗa a saƙonsa ba shi ne ruwa. Washegarin saukata ya ja ni bakin kogi, na tsaya baki buɗe. Ban taɓa ganin ruwan da ido ba ya kaiwa ƙarshensa ba. Ga wani yana wanke jaki a ciki, ga mata suna ɗauraye kwano guda sau uku, babu mai tsawata musu. Na ce, "Kawu, ruwan ga na wa na?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce na Allah ne, in sha, in na iya shanye shi ma babu mai kai ni ƙara. Ni kuwa dariyar ba ta zo mini ba, don a nan na gane cewa na kawo ginar rijiya garin da ruwa yake bin mutane har ƙofar gida.

Duk da haka na zaga kasuwa sati biyu da igiyata ina tambaya ko akwai mai son rijiya. Masu kirki su ce babu, masu baki su nuna mini kogi da haɓa. Kafin wata ya ƙare kowa ya san ni da Mai Igiya. A gida ma ban tsira ba. Matar kawu takan kira maƙwabta su zo su ga yadda nake alwala da ruwan da bai cika ludayi biyu ba, har in rage saura. Ranar da ta fara ba ni tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi na tauna komai da komai yadda ake cin nama, ƙaya ta tsaya mini a wuya, sai da ta sa na haɗiyi loma uku ba tauna kafin ta wuce.

Na yi dakon albasa har lokacinta ya ja baya. Kawu ya kai ni wurin masu bandar kifi, aka ce in kula da wuta. Ni na ɗauka wuta ake so, ashe hayaƙi ake so, na hura musu ita da gaskiya ɗaya na mai da kifin mutane gawayi. Kawu ya biya, bai zage ni ba, ya dai ce hannuna bai san komai ba sai ƙasa.

Wata uku suka wuce haka. Ina ƙidaya cikin matata da yatsu, kullum yatsun suna ƙaruwa, ni kuwa ko tabarmar kaina ban mallaka ba. Na fara jin kunyar alkawarin da na yi.

Akwai wani mai babban jirgin katako mai inji, mai kai mutane kasuwar Wara, wanda tun zuwana idonsa yake kan igiyata, yana son ta don ɗaure jirgi. Shi ne ya ce zai ɗauke ni aikin kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako. Kawu ya ce in karɓa, in kuma sayar masa da igiyar in sami abin kama ɗaki, don igiyar da ba ta shiga rijiya kaya ce kawai. Raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Na ce to, in mun dawo daga Wara a yi ciniki.

Ni da nake sauka gaba arba'in cikin ƙasa ina waƙa, da jirgin nan ya bar gaɓa sai na zauna daɓas a gindinsa ina karanto duk addu'ar da na sani. Aka miƙo mini ɓarin ƙwarya. Aikin da na yi rayuwata ina yi shi ne neman ruwa, yau ga ni an sa ni zubar da shi. Hannuna ya ƙi. Nakan ɗebo in sunkuyar da ƙwaryar in tsiyaye a hankali, har mai jirgi ya gaji ya ce, "Watsa shi, Mai Igiya, ba nono ba na."

Da muka kusa gaɓa na ga wata tsohuwa cikin fasinjoji ta miƙa hannu tana cika tuluna biyu daga gefen jirgi. Ƙafarta ɗaya naɗe take da tsumma. Na tambaye ta me ya sa mai zama a ƙasar ruwa take dakon ruwa. Ta ce su Gungawa ne, mutanen tsibiri, da a tsakiyar kogi suke. Da aka tare ruwa a Kainji sai garinsu ya nutse, aka gina musu sabo a kan tudu a ƙasar Ngaski. In ruwan ya ja baya tafiyar rabin safiya ce tsakaninsu da shi, don haka kududdufi suke sha, ga kurkunu ya gama da ƙafafunsu. An taɓa yi musu rijiya guda, ta rufta, kuma babu wanda ya san yadda ake yin wata.

"Mu ba mu gaji rijiya ba, ɗana," in ji ta. "Wa ka ginar rijiya bisa tsibiri?"

Na manta a jirgi nake, na miƙe tsaye zumbur. Jirgin ya karkata, buhun wani ya faɗa ruwa, kowa ya yi ca a kaina. Ban ji ko ɗaya ba. Na ce wa mai jirgi cinikin igiya ya tashi, na bi tsohuwar da tulunta ɗaya a kaina.

Kwana uku na yi ina zaga garin kafin na zaɓi wani kwari kusa da baure, inda na fasa suri na tarar da cikinsa da danshi. Mai gari ya ce za su ciyar da ni, in ruwa ya fito kuma akwai ɗakin da masu shi suka ƙaura, ya zama nawa. Matsalar ita ce mai riƙe igiya. Magini ransa yana hannun na sama, a gida ƙanena ne yake riƙe mini. Mutanen nan kuwa, waɗanda suke nutso ƙarƙashin jirgi a tsakiyar kogi ba gezau, ko leƙa ramin ba sa son yi. Wai su a saninsu gawa ce kaɗai take shiga ƙasa. Sai ga mai jirgi ya zo ranar da ba kasuwa, wai ya zo ganin inda igiyarsa za ta ƙare. Shi ya kama igiyar, masunta uku suka ji kunya suka kama bayansa.

Na koya musu alamun gidanmu. In na ja igiya sau ɗaya a sauko da guga, sau biyu a janye ƙasa, sau uku a fito da ni. Suka ce sun gane. Na kai gaba uku, na ja sau ɗaya, kafin in ɗaga kai sai na ji ni a sama ina lilo, gwiwoyina suna goge bangon rami, har suka dire ni a bakin rijiya kamar giwan ruwa. Na sake bayani, na koma. Na ja, suka sake fizgo ni. A karo na uku na fito ina huci, na ce su ba sa jin Hausa ne?

Mai jirgi ya sosa ƙeya ya ce, "Ka yi haƙuri. Mu tun muna ƙanana, in igiya ta motsa ja akai. Wanda yat tsaya ƙirga, kifi ya tahi."

Na ga ba zan sauya hannun da aka haifa a kan fatsa ba. Muka bar zancen ja, na koma kira da baki, igiyar kuma na kiyaye ta kamar wutsiyar kunama. Aiki ya miƙe. Mai jirgi ya bar wa ƙaninsa jirgin, kullum yana bakin rami yana yi mini tsiya, wai ni da kurege uwarmu ɗaya.

A gaba ta bakwai na shiga yashi. Ina cikin sara sai bango ya saki, ya binne ni har ƙirji. Numfashin da zan yi kira babu. Abin da na iya kawai shi ne na ɗan taɓa igiyar da yatsu biyu. Ƙanena, da duk ƙwarewarsa, da ya tsaya jiran ja na biyu da na uku. Su kuwa ko shawara ba su yi ba, suka fizge ni kamar yadda suka saba, na bar wandona a ciki. Ina isa sama sauran yashin ya rufta. Na kwanta a ƙasa ina dariya ina hawaye, mai jirgi ya yafa mini rawaninsa yana tambaya ko yanzu ma suna da laifi.

Muka kwashe yashin, na ɗaure wurin da marmara, na ci gaba. A gaba ta goma sha ɗaya ruwa ya ɓullo, garau. Na ɗan ji kunya, don a Adar wannan ba a kiranta rijiya, ga igiya gaba ashirin da tara a naɗe ko ƙasa ba ta taɓa ba. Tsohuwar nan aka fara ba wa. Ta sha, ta daɗe tana kallon cikin ƙwaryar, ta ce babu ko ƙwaro ɗaya.

A ranar na sa wuƙa na raba igiyar mahaifina. Gaba goma sha biyar na riƙe, sauran na ba mai jirgi kyauta, don ya riga ya biya da guminsa. Kafin sati ya zagayo garuruwa biyu sun aiko, ɗaya daga wajen Shanga.

Na ɗauko matata cikinta yana wata takwas. Da muka iso bakin kogi ta tambaye ni ruwan nan na wane ne. Na ce na Allah ne, kamar ni na ƙirƙiro amsar. Ta shiga jirgi ta zauna a gefe tana wasa da ruwa da hannu, ni ina gindi na rufe ido, abin da har yau ba a daina yi mini gori a kansa ba.

Ta haifi mace. Ranar wankan farko na ja ruwa da kaina tun da sassafe, guga bayan guga, har matan garin suka ce ya isa, na ƙara biyu. Ina zaune bayan zana na ji matata tana neman kaskon da za a tarbi ruwan. Tsohuwar ta ce babu kasko, ta yi wankanta. Sai na ji ruwa ya zuba a ƙasa da yawa, ya sake zuba, ya malalo ta ƙarƙashin zana har ya jiƙa mini ƙafa. Ban janye ƙafar ba.