Surukin Inna Duba-gari Ne

Har yau in na ji ƙamshin tuyar ƙuli-ƙuli sai zama ya gagare ni.

A shekarun da gyaɗa ke tashe, Inna, mahaifiyata, ita ce mai man gyaɗa a unguwarmu a Kabo. A cikin gida take komai, daga suya har matsa. Ni kuwa ina aure a Gwarzo, mijina duba-gari ne, mai kaki da keke. In ya shigo lungu sai ka ga mata na rige-rigen kifar da tsofaffin tukwane.

Wata damina aka tura su zagayen Kabo, su duba mahauta da marina da masu yin abincin sayarwa a gida. Ya dawo ya kasa cin tuwo. Da na matsa ya ce, "Gidan Inna yana cikin zagayena."

A wajenmu suruki ko ido ba ya haɗawa da surukarsa, balle ya ba ta umarni. Ni kuma 'yar fari ce, Inna ko sunana ba ta faɗa, ina zan iya kai mata irin wannan zance? Na yi ta safa da marwa tsakanin ɗaki da madafa, ina tsoron a hana ta sana'arta.

Ƙanwar Inna ce ta ba ni labarin zuwansa. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bayan zana, Inna tana ciki ta ja mayafi.

"Inna, ina kwana? Ina gajiya? Yaya ruwa?"

"Lafiya lau. Ruwa ya yi gyara."

Gaisuwa ta ƙare. Can ya ce, "Aiki ne ya kawo ni."

Ta ce, "To, na ji. Allah ya taimaka."

Ya tashi ya hau kekensa.

A ranar Inna ta kife kasko. Ta ce ba da ita za a kunyata ɗan mutane a gaban manyansa ba. Ta kyautar da turmin matsar mai, masu saye suka koma wani gida. Matar da ba ta san zama ba ta zauna, ta yi ta ramewa. Na ji haushinsa ƙwarai, na haɗiye shekara da shekaru.

Sai bayan rasuwarta abin ya ci tura, na ce, "Malam, me Inna ta yi maka ka hana ta sana'a?"

Ya dube ni baki buɗe. "Ni? Rariyarta ce ta toshe, ruwa yana kwanciya a ƙofar gida. Cewa zan yi a yashe, bakina ya ƙi buɗuwa. Da na ji ta daina, na ɗauka tsufa ne."

Rariya fa! Aikin da mutum ɗaya zai gama da fartanya kafin tuwo ya nuna.