Dariyar Adda a Bakin Njuwa

Matso kusa 'yar'uwa, gyara zama, akwai maganar da na daɗe ina son faɗa wa wanda bai san fuskata ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya, 'yata ce ke gyara mini inda na karkace. Lokacin da abin ya faru ni matar gida ce a unguwar Yolde Pate a Yola, 'ya'yana biyar, ina yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a tsakar gida, masu saye suna zuwa har ƙofa. Ban cika fita ba, sai in yi wata ban taka bakin titi ba, amma bakina ba ya hutawa. Maigidana yakan ce da surutu ana sayar da shi da tuni mun yi bene. Kunnena kuma Allah Ya yi shi da ji, tari kawai mutum zai yi a bayan katanga in faɗa miki ko wane ne.

A Dubeli aka haife ni, a wani layi da ke da shagunan tela da masu sayar da gawayi. Mu 'yan matan layin tare muka tashi, Musulmi da Kirista, kwano ɗaya, ranar Sallah a gidanmu, ranar Kirsimeti a gidansu. Aure ya watsa mu, wata Kaduna, wata Abuja, wata Legas. Da maigidana ya sayo mini babbar waya sai wata ta saka ni a guruf ɗin da suka buɗe na 'yan layinmu. Ranar ban yi tuwo da wuri ba. Muryoyin da na yi shekara ashirin ban ji ba, ga su a tafin hannuna. Da yake rubutu na ba ni wahala, sai na koma hoto da saƙon murya. Hadari ya haɗu ta gabas, in ɗauka in tura. Mangwaron gidanmu ya yi fure, in tura. Akuyata ta haifi biyu, sai sun gani kafin maigida ya gani. Wane ya yi aure, wance ta sauka lafiya, an gyara kwalbatin bakin kasuwa, duk daga bakina suke ji. Suka sa mini suna gidan rediyo. Akwai ɗaya, ƙawata tun ta yarinta, 'yar mutanen Numan ce, malamar makaranta a Legas. Ita takan ce in ta taso aiki ta gaji da hayaniyar motoci, hotunana take buɗewa ta sha iskar gida. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi nake ji. Ni da ban yi boko mai zurfi ba, ga masu digiri suna jiran abin da zan turo.

Maƙwabciyata kuwa, katanga ɗaya ta raba mu, Adda nake ce mata don ta girme ni da 'yan shekaru. Bafulatana ce mai kunya da kawaici, magana ɗaya biyu ta yi shiru. Ni in zuba, ita ta saurara tana tsince shinkafa, can sai ta ce in sha ruwa kada maƙogwarona ya bushe. Haihuwata uku a hannunta na yi wankan jego. In ta dama fura sai ta miƙo ta saman katanga, in na soya ƙuli mai zafi in miƙa mata. Ba ta da babbar waya, ba ta ma so. Takan ce ni dai wata rana sai na ɗauki hoton tukunyar miya na tura Legas, na ce mata ai na riga na tura.

Sai mijinta ya rasu, ciwon kwana huɗu. Ya bar ta da yara huɗu, da gidan da suke ciki, da gonar shinkafa a fadamar tafkin Njuwa. Danginsa tsofaffin mutanen cikin Yola ne, kuma mai faɗa a ji a cikinsu wata Goggonsa ce, tsohuwar da ta riƙe shi tun yana yaro. Bayan addu'ar bakwai aka zauna aka ce Adda za ta ci gaba da zama a gidan da 'ya'yanta ko bayan ta fita takaba. Amma Goggo ta kafa doka, ta ce a gidansu mai takaba ba ta taka dokin ƙofa, wata huɗu da kwana goma, ko gobara ce sai dai a fito da ita. Gona kuma aka ce yayan marigayin, wanda yaran ke kira Bappa, shi zai kula.

Wata biyu da rasuwar shinkafa ta nuna. Bappa yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi, yana can yana fama da tasa gonar. Masu maƙwabtaka da gonar suka aiko cewa tsuntsaye sun sauka, in aka ƙara mako sai dai a yanki kara. Wannan shinkafar kuwa ita ce abincin marayun na shekara. Wata safiya Adda ta kira ni bakin katanga, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ta aika an tambayo malamin unguwa, ya ce addini bai hana mai takaba fita da rana don lalura ba, in dai ba kwalliya kuma za ta kwana a ɗakinta. Ta ce amma Goggo ba za ta saurari wannan ba, don haka tana so in raka ta, mu fita bayan asuba mu dawo kafin hantsi, ta tsaya a kan masu yanka. Ta ce ni ta zaɓa don ba ta da wadda ta fi ni. Sannan ta kalle ni ta ce, amma fa bakin nan. Na rantse mata ko maigidana iyakar abin da zai sani shi ne na raka ta unguwa.

Kuma wallahi na riƙe bakina. Ranar farko muka je a keke mai ƙafa uku muka dawo, ban ce wa kowa komai ba. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku ita ce ta ƙarshe, ana bugu ana zubawa a buhu. Ban san yadda zan kwatanta miki safiyar nan ba. Rana ta ɗan leƙo, ruwan Njuwa ya yi ja kamar an zuba masa manja, balbelu fari fat sun jeru a gefe, wani masunci yana tura kwalekwalensa a hankali. Kafin wannan rakiyar, rabona da wurin tun ina budurwa, lokacin da mukan zo kallon bikin kamun kifi. Sai ƙawata ta Legas ta faɗo mini a rai, don ta sha roƙona in ɗauko mata Njuwa. Na ce a raina ai ruwa zan ɗauka, ba mutum ba. Na juya wa Adda baya, na kunna bidiyo, ina tafiya ina bayani, ga Njuwa ku sha kallo 'yan birni. Ban duba gabana ba, ƙafata ta zurma cikin laka har gwiwa, takalmina ya maƙale, na yi zaman dirshan a taɓo. Adda ta fashe da dariya. Tun ranar da aka fita da gawar mijinta ban ga haƙorinta ba sai ranar. Ta yi dariya har tana riƙe ciki, tana cewa gidan rediyo ya faɗi. Ni ma na yi ta yi. Wayar ta karkata lokacin da na faɗi, ta ɗauko gefen zanenta da hannunta tana miƙo mini. A cikin keke muna komawa na tura, ban ko sake kallo ba. Abin da ke raina kawai su ga faɗuwata su yi dariya.

Sun kuwa yi. Ƙawata ta Legas ta ce ta kalla sau goma, har ta ɗora a sitatus ɗinta don 'yan gida su ga Njuwa. Ba ta san komai ba, ba ta ma san Adda ba. A cikin masu ganin sitatus ɗinta akwai wata da suka yi makaranta tare, ita kuma matar ƙanin marigayin ce. Ashe ba ni kaɗai Allah Ya ba kunne ba, tana jin dariyar ta gane ta Adda ce. Kafin la'asar an kai wa Goggo waya har kan tabarmarta, an kunna mata. Labarin da ya zaga dangi shi ne matar marigayi ta tafi shan iska bakin ruwa, tana ƙyaƙyata dariya ana ɗaukarta a bidiyo, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba.

Da na ji, sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Na yafa mayafi na tafi cikin Yola wai zan wanke ta. Na durƙusa na gaida Goggo, ta amsa da ƙyar tana jan carbi. Na fara zuba, na ce Goggo ba yawo ba ne, aiki ne, shinkafar marayu ce tsuntsaye za su cinye, ai kwana uku muka yi muna zuwa tun asuba. Carbin ya tsaya. Ta ɗago ta tambaye ni, kwana nawa na ce. Ashe ita fita ɗaya ta sani. Ta juya ta yi wa Bappa, da ke zaune a gefe, magana da Fulatanci, a zatonta ba na ji, ta ce ga shi daga bakin abokiyar tafiyar. Shi kuma maganar tsuntsaye ta ƙona masa rai, don ta nuna sakacinsa a gaban mutane. Na tashi na kamo hanyar gida.

Na shiga wurin Adda ina kuka. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Tana zaune tana tsefe wa ƙaramar 'yarta kai. Ta ce ta roƙe ni in riƙe bakina kuma na riƙe, ita ce ba ta san wayar ma tana da nata bakin ba. Ta ce in tashi in je in ɗora wa yara abinci, magariba ta kusa. Shi ke nan abin da ta faɗa. Dangi suka sake zama, suka janye maganar farko. Ranar da ta fita takaba, ranar da ya kamata a yi mata wanka da kitso mu taya ta murna, ranar yayanta ya zo da mota daga Mayo Belwa don ya tafi da ita gida. Manyan yara uku aka kai su gidan Bappa, ita aka bar mata ƙaramar. Shinkafar da ta tsaya a kanta aka kwashe, ko buhu ɗaya bai bi ta ba. Da za ta shiga mota ta riƙe hannuna ta ce in riƙa leƙa yaran in na samu hali. Gidan Bappa kuwa ko gaisuwata ba a amsawa, ta ina zan leƙa?

Gidan aka zuba 'yan haya. Mutanen kirki ne, amma har yau in na ji motsin kwano a bayan katanga sai gabana ya faɗi. Ƙawata ta Legas da ta ji abin da ya biyo baya ta yi kuka a waya, ta ce laifinta ne. Na ce mata a'a, ita abin da na ba ta ta nuna. Ban fita daga guruf ɗin ba, amma na yi kusan shekara ban tura komai ba. Suna ta tambaya ko gidan rediyo ba wuta ne. Ina kewar lokacin nan, ba zan yi ƙarya ba, lokacin da hadari kawai zan gani in ji ina da abin ba mutane.

Shekara shida ke nan. Watan jiya babbar 'yar Adda ta zo har gida, ta zama budurwa, ta kawo mini goro da alewar bikinta. Ta ce a Mayo Belwa za a yi kamu, Bappa ya yarda a kai ta wurin mahaifiyarta. Ta sunkuyar da kai tana murmushi ta ce Dadarta ta ce lallai in zo, in kwana biyu, in taho da ƙuli mai zafi, amma wai in bar wayar a gida. Na yi dariya, sannan na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Zan je, kuma maigida zan bar wa wayar.

Abin da na koya shi ne, ba sai da mugun nufi ake cutar da mutum ba. Ni ruwa na je ɗauka da tsuntsaye, na haɗo da sirrin baiwar Allah na raba ta da 'ya'yanta. Ban ce ki daina tura wa 'yan'uwa hoton gida ba, wanda ke nesa yana bukatarsa. Amma kafin ki danna, ki kalla har ƙarshe, ki saurara har ƙarshe. Abin da kika tura wa mutum goma da kika sani, akwai ɗari da ba ki sani ba a bayansu, kuma ba za ki bi su ɗaya ɗaya kina bayani ba. Yanzu ɗauko wayarki ki buɗe na ƙarshe da kika tura. Waccan da ta fito a gefe, ko muryar da ke tashi a baya, kin tambayi mai ita?