Na Jira Wani Ya Ambaci Sunana

Duk tsawon rayuwata ba na jin zan manta da wata ranar Laraba da na riƙe wayata na yi shiru, bajiman wani bawan Allah suna mutuwa a bayan garinmu.

Shekara ashirin da wani abu ina aikin lafiyar dabbobi a Zango, amma ban taɓa ɗora hoton aikina a waya ba. Mu an rene mu a kan cewa mutumin kirki ba ya faɗin kansa, sai dai a faɗe shi. Yaran da ke sa farar riga suna bidiyo a gaban shanu, dariya nake musu, ina ce musu 'yan talla.

Ina cikin wani zauren WhatsApp na dillalan shanun Mai'adua, ban taɓa cewa uffan ba. Ran nan da hantsi wani Alhaji baƙo ya aiko da saƙon murya: "Jama'a, don Allah wa ya san likitan dabbobi kusa da Zango? Bajimaina sun faɗa gyauron dawa, cikinsu ya kumbura."

Na san maganin abin sarai, kuma da ya faɗi inda yake a bayan garinmu, na ga tsakanina da wurin bai fi minti goma a babur ba. Amma sai na tsaya jiran wani ya ambaci sunana, don kada a ce na tallata kaina. Wallahi har yau idan na tuna sai in ji haushin kaina. Ba wanda ya ambace ni. Wani matashi daga Daura ya turo bidiyonsa da lambarsa, Alhaji ya kira shi.

Zuciyata ta ƙi kwanciya, bayan azahar na bi sawu. Na tarar matashin bai daɗe da isowa ba, yana ta ƙoƙari, kuma aikinsa ba laifi. Bajimai huɗu kuwa an riga an yanka su.

Da wani ya gaya wa Alhajin ko ni wane ne, sai ya dube ni ya ce, "Malam, kana kusa haka? Kana cikin zauren kuwa?"

Na ce ina ciki. Ya juya ya koma wurin sauran bajimansa.

Ranar na gane abin da nake kira kunya, girman kai ne. Wanda Allah ya ba sani, ya fito ya ce ga shi, tun mai buƙata bai yi asara ba.